Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Zazzau

Ran Jumma'a 11 ga watan Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Babban Masallacin Jumma'a na birnin Zariya ya rufta a kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka rasu, waɗansu kuma da dama suka ji rauni. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya shaida wa manema labarai cewa tun ana gobe abin zai auku aka lura da tsagewa a jikin bango, ana cikin shirin kawo injiniyoyi su duba ke nan sai ƙaddara ta riga fata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Wannan masifa ta sake fito da sunan mutumin da ya gina masallacin wajen shekara 180 kafin wannan rana, watau Muhammadu Durugu, wanda duk ƙasar Hausa ta fi sani da Babban Gwani. Waɗansu littattafai suna kiran maginin Malam Mika'ilu, amma a bakin jama'a laƙabin ya riga ya cinye sunan yanka, har ya zama sunan unguwa a cikin birnin Zariya, ya kuma zama sunan soraye a waɗansu garuruwa masu nisa.

Durugu mutumin Zazzau ne, ya kuma tashi a zamanin da ƙasa take neman magina ido rufe. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, kafin a yi shekara goma sarauta ta sauya hannu a yawancin biranen Hausa. A Zariya, Sarki Makau ya fita ya yi kudu, Malam Musa ya hau gadon mulki. Sababbin sarakuna kuwa kowanne yana bukatar masallacin Jumma'a da zai ɗauki jama'arsa, da fada, da ɗakin shari'a, da ganuwa. Ga kuma garuruwan da aka kafa daga tushe, kamar Sakkwato da Bauci, da ribaɗoɗin da aka jera a bakin iyaka. Aiki ya yi yawa, masu yinsa kaɗan ne.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya san da wannan gibi sarai. A cikin littafin nan nasa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a a cikin wajiban mai mulki. Ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, ya ce a rarraba su a kowane gari da ƙauye gwargwadon bukata, a kuma kula da ginin birane masu ganuwa da gadoji da kasuwanni da hanyoyi. Abin da ofisoshin Gwamnati suke kira tsarin samar da ma'aikata, suna cika fayil-fayil a kansa, ashe Bello ya riga ya rubuta shi da alƙalamin kara.

A cikin 1824 wani Bature matafiyi, Kyaftin Kilafatan, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdullahi, ya sauka Sakkwato. Ya tarar ana ginin wani masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ya kuma zauna da shugaban maginan. Bisa ga abin da ya rubuta, mutumin ɗan Zazzau ne, mahaifinsa ya taɓa zuwa Masar ya tsinci wani abu na ilmin gini a can, da ya rasu ya bar masa takardunsa. Maginin ya nuna matuƙar sha'awar mallakar wata rula ta awo da lissafi irin wadda Turawa suke amfani da ita. Waɗansu masu binciken tarihin gine-gine suna ganin wannan mutum shi ne Babban Gwani a farkon tashensa. In haka ne, to, shekara goma sha wani abu kafin masallacin Zariya yana riƙe da babban aiki a hedkwatar daula, yana aiki da takardun gado, idonsa kuma yana kan kayan awon da bai taɓa riƙewa ba. Labarin da aka fi ji shi ne daga Sakkwato aka ba shi laƙabin Babban Gwani, saboda aikin da aka ga ya yi a can.

Kafin a fahimci girman wannan laƙabi sai an san yadda ake zama magini a wancan zamani. Sana'ar gado ce, yaro yakan tashi a cikinta. Da fari aikinsa ɗebo ruwa da taka ƙasa. Ana haƙo jar ƙasa daga kududdufi, a zuba mata ruwa, a haɗa da ciyawa da kashin dabbobi, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake juyawa. In ya ƙware a kwaɓi sai ya shiga yin tubali, wanda ake mulmulawa da hannu, gindinsa da faɗi kansa a tsuke, a shanya a rana. Daga nan ya koyi jifa, domin magini yana zaune ne a kan bango kamar mahayin doki, yara suna jefa masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa. Sai an daɗe ana kallon hannunsa kafin a bar shi ya hau bango ya jera tubali da kansa, sa'an nan yaɓe, sa'an nan rufi. Bango kansa ba a yinsa rana ɗaya. Ana ɗora 'yan sahu a bari su bushe, gindin ya yi kauri, yana sirancewa yana hawa. Duk wannan da rani ake yi, bayan an kawar da amfanin gona, domin yawancin masu aikin manoma ne, damina kuma ba ta barin ɗanyen gini.

Mutum yana iya tsufa yana magini bai zama gwani ba. Abin da ke raba su shi ne rufi. Katakon rufi a ƙasar Hausa azara ce, wadda ake tsagawa daga gangar giginya. Gara ba ta cinta, tana kuma daɗewa, amma tana da iyaka: in aka shimfiɗa ta tsakanin bango biyu aka ɗora mata nauyin ƙasa, da wuya ta ɗauki faɗin da ya wuce ƙafa shida. Wanda yake son soro mai faɗi tilas ya cika shi da ginshiƙai, ko kuwa ya nemi wanda ya iya bakan gizo.

Yadda ake ɗaura bakan gizo shi ne, magini yakan dasa azara a cikin bango ta leƙo waje kaɗan, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora waɗansu azarori a kan na farko, su ƙara leƙowa, su ƙara karkata. Haka zai yi ta yi daga bango biyu masu fuskantar juna, kowace ƙafa tana tasowa tana rusunawa, har su gamu a tsakiya a ɗaure su. Ba a kafa wani katako a ƙasa don ya tallafe bakan yayin da ake aikin, ƙafar ce take ɗauke da kanta tun daga farko. In baka biyu ko fiye suka gitta juna, shi ake kira ɗaurin guga, domin ya yi kama da sandunan da ake gittawa a bakin gugan rijiya. A kan waɗannan ake shimfiɗa gajerun azarori da zana da ƙasa, a fitar da tulluwa. Da wannan dabara ake samun ɗaki mai faɗin kusan mita 8 babu ginshiƙi a tsakiyarsa. Kuskuren ɗan yatsa a gindin ƙafa yakan zama kamu guda a sama, ga shi babu takardar zane, awon duk a ido yake da igiya da kamun hannu.

Haka kuma magini ba ya tsayawa shi kaɗai. Rufin soro ba ya riƙe ruwa sai an shafe shi da laso, laso kuwa ana haɗa shi ne da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara daga daji. Bango ana yi masa makuba, daga ɓawon ɗorawa. Ga masu saran giginya, da masu tufkar igiya, da masassaƙan ƙyaure da indararo, da maƙeran da za su yi ƙusa. In marina ta mutu a gari, rufin soro ma ya ji a jikinsa.

Wannan ita ce sana'ar da Durugu ya kai ƙarshenta. Babban aikinsa ya zo a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya kafa gidan sarautar Katsinawa, ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Shi ya sa aka gina Masallacin Jumma'a a Ƙofar Fada. Durugu ya kewaye wurin da katanga, ya yi ƙofofi masu wuraren alwala, ya gina ɗakin shari'a a haɗe, sa'an nan babban ɗakin salla. Daga waje ginin ba shi da wani ado, bango ne kawai da tulluwa masu kwanciya. Sai an shiga ake ganin aikin. Manyan ginshiƙai ne tsaye, waɗansu bibbiyu a manne, daga jikinsu ƙafafun baka suna tasowa suna rarrabuwa suna gittawa, har mai kallo ya rasa inda ginshiƙi ya ƙare baka ta fara. A jikin ginshiƙan an yi zane mai zurfi da hannu tun ƙasa tana ɗanya, layuka da da'irori da kusurwoyi, manya-manya, babu tarkace. Masanan gine-gine na ƙasashen waje da suka auna shi a ƙarni na 20 sun sa shi a sahun gaba na gine-ginen ƙasa na Afirka ta Yamma, masu salla a ciki kuwa abin da suka fi sani shi ne sanyinsa da tsakar bazara.

Akwai labaru da yawa game da yadda ya yi aikin. An ce bayi ɗari ake ba shi domin haƙar ƙasa da ɗebo ruwa da kwaɓi. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne: ƙarfin da ya ɗaga manyan gine-ginen wancan zamani, da ganuwa da fada da masallaci, mafi yawansa na bayi ne da na talakawan da aka kira aikin gayya, ba a kuwa riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. An kuma ce da dare yake gini. Ma'aikata su wuni suna tara tubali da ƙasa da azara, in gari ya yi tsit sai ya fito ya hau, da safe a tarar baka ta ƙaru. Jama'a suka ce aljannu ke taya shi. Wanda ya san halin masu sana'a ba sai ya kai ga aljannu ba, domin gwanin da ba ya son a ga yadda yake ɗaura azara, dare ya fi masa rana. Sirri shi ne jarin mai sana'a, da shi yake ci, shi zai bar wa ɗansa. Amma ilmin da aka kulle a gida ɗaya, ransa yana rataye ne da ran gidan. Ƙasar da take da masallatai da fadoji da yawa tana jiran mutum ɗaya ya gama wani aiki kafin ya zo nata, ko da a lokacin ma ba ta wadata da magina ba.

Haka kuwa aka yi ta jiransa. Sarakuna suka riƙa aikowa Zazzau neman aronsa, ana danganta masa soraye a fadar Kano da ta Bauci. Wanda ya fi shahara a cikin ayyukansa na wajen Zazzau shi ne gidan Madakin Bauci a Kafin Madaki, arewa da birnin Bauci, wanda aka gina wajen 1860 a zamanin Sarkin Bauci Ibrahim. Soron da ke wannan gida sunan maginin ya bi shi, Babban Gwani ake ce masa. A cikin 1956, tun kafin samun mulkin kai, Gwamnati ta sa gidan a cikin jerin farko na kayayyakin tarihi na ƙasa waɗanda doka ta hana a rushe. In an haɗa da masallacin Sakkwato na 1824, ya zama mutumin ya yi kusan shekara arba'in yana hawa bango.

Labarin ƙarshensa mai ɗaci ne. An ce Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa masallaci, da aka gama ya ga kyansa, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Malaman da suka karanta littattafan Larabci za su tuna da Sinimmar, maginin da aka ce ya gina wa Sarkin Hira fadar Hawarnaƙ, aka saka masa da jefowa daga kanta saboda wannan dalili. Irin wannan labari yakan bi manyan magina a ƙasashe da dama, abin da yake nunawa kuma a fili yake: gwani ya yi ƙaranci har sarakuna suna kishi a kansa kamar yadda suke yi a kan doki ko malami.

Zuriyarsa ta ci gaba da sana'ar a Zariya, a gidansu kuma sarautar Sarkin Magina ta zauna. Sarkin Magina shi ne mai tara magina in fada tana da aiki, shi ke raba musu, shi ke duba abin da suka yi, shi ke sasanta su da masu gida in an sami saɓani. Turawa da suka ci Zariya a 1902 ba su rushe wannan tsari nan da nan ba, domin ba su da abin da za su maye gurbinsa da shi. Kafin jirgin ƙasa ya iso a 1911, siminti da kwano sai a kan mutum ko a bayan jaki. Saboda haka ta hannun En'e da sarakunan magina aka gina gidajen Turawa na farko da ofisoshi da makarantu. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, wadda ta yaye su Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da tubali da azara aka gina ta.

Sannu a hankali Ma'aikatar Ayyuka ta kawo nata ma'aikatan, birkila da kafinta da fenta, aikin Gwamnati ya koma na bulo da kwano. Masu kuɗi suka bi sahu, ginin ƙasa ya zama alamar rashi. An sake gina masallacin Kano da siminti a farkon shekarun 1950. Da kuɗin man fetur suka shigo, abin ya zama kamar ambaliya: a 1975 Gwamnatin Tarayya ta yi odar siminti wajen tan miliyan 20, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a bakin tashar Ikko wata da watanni suna jiran a sauke su. A cikin waɗannan shekaru ne aka kawar da katangar masallacin Zariya ta asali, aka gina sabon masallaci na kankare ya lulluɓe tsohon ɗakin salla, aikin Durugu ya koma ciki kamar ƙwai a cikin ɓawo. Haka ya zauna har ranar da ya rufta. Bayan haka aka kafa kwamiti da asusun neman taimako domin sake gina masallacin.

Wani abin lura shi ne, a Zariyar nan aka yi renon ilmin gini na zamani. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zanen gine-gine daga Ibadan zuwa Zariya, ya zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tsakanin Samaru da unguwar Babban Gwani tafiyar 'yan mil ce, amma an daɗe kafin ɗalibin da ke riƙe da rula ya zauna gaban tsohon da ke riƙe da igiya. Cikin waɗanda suka yi wannan zama akwai Hamman Tukur Sa'ad, malami a wannan sashe, wanda ya bi manyan magina yana tambayarsu yana rubutawa, ya sami digirin dakta a kan aikin a Amurka a 1981.

Gwamnati ta kafa hukumomi domin cike gibin masu aikin hannu, kamar Asusun Horar da Ma'aikata na ITF a 1971, da Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa a 1977. Duk da haka iyaye da ɗalibai sun fi karkata ga takardar da za ta kai mutum ofis. Zane ɗaya da injiniya ya sa wa hannu yana bukatar birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi da masu aikin famfo da na lantarki, kowannensu wanda ya san dalilin abin da yake yi. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wadda biranenta suke faɗaɗa kowace shekara, 'yan kwangilarta sukan ɗauko masu sa tayil da masu gyaran silin daga Togo da Jamhuriyar Benin. Yaron da a dā zai yi shekaru yana jifan tubali ana kallon hannunsa, yanzu yakan yi 'yan watanni yana lebura, ya sayi cokalin gini ya ce shi birkila ne, babu Sarkin Maginan da zai tambaye shi wa ya yaye shi. Masu ɗaurin guga kuwa, waɗanda za su dubi tsagewa a jikin tsohon soro su faɗi ko ta yaɓe ce ko ta azara, sun ragu ƙwarai, yawancinsu kuma dattawa ne.

Sana'ar ba ta mutu ko'ina ba. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wani manomi magini mai suna Falke Barmu ya fara gina wa garinsu masallacin Jumma'a na ƙasa a 1962, jama'a suna kawo tubali da ruwa da itace. Daga baya ya sake masa rufi da baka da tulluwa, ya ƙara hasumiyoyi huɗu, aka gama a 1982. A 1986 masallacin ya ci lambar Aga Khan, wadda take cikin manyan lambobin gine-gine na duniya.

Shi kuwa masallacin Durugu, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski ya auna shi ciki da waje tun kafin a lulluɓe shi da kankare, shi da mataimakansa 'yan Nijeriya, suka zana kowane ginshiƙi da kowace baka a takarda. Da wannan awo aka gina kwafinsa da ƙasa da azara a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, kusa da kwafin ganuwar Kano. Dmochowski ya rasu a 1982, aka buga zane-zanen nasa cikin littafi mai juzu'i uku a 1990, juzu'in farko na gine-ginen Arewa ne.